Bard: Yadda Sunan Maroƙi Ya Zama Rawanin Shakespeare

Ranar 6 ga Satumba, 1917, dubban mutane suka cika wata babbar rumfa a garin Birkenhead, tsallaken kogi daga Liverpool. Yaƙin Duniya na Ɗaya yana kan ganiyarsa, amma mutanen yankin Wels ba su fasa taronsu na shekara-shekara ba, wanda suke kira Eisteddfod, inda ake gasar waƙa da kiɗa cikin harshensu. Firayim Ministan Birtaniya, David Lloyd George, wanda shi ma ɗan Wels ne, yana wurin. A kan dandamali an girke wata kujerar katako da ta sha ado, aikin wani kafinta ɗan gudun hijira daga Beljiyam. Ita ce kyautar wanda waƙarsa ta fi ta kowa.

A al'adar gasar, mawaƙi ba ya sa sunansa a takarda, sunan aro yake sawa, don kada alƙalai su yi son kai. Aka bayyana sunan aron da ya yi nasara, aka busa ƙaho, aka ce mai shi ya miƙe. Shiru. Aka sake kira, shiru. Bayan kira na uku sai shugaban taron ya sanar da jama'a cewa mai waƙar, wani makiyayin tumaki ɗan shekara 30 daga ƙauyen Trawsfynydd, mai suna Ellis Humphrey Evans, wanda aka fi sani da Hedd Wyn, ya riga mu gidan gaskiya. An kashe shi a fagen daga a Beljiyam tun ranar 31 ga Yuli. Aka ɗauko baƙin ƙyalle aka lulluɓe kujerar.

Wanda aka kira sau uku bai amsa ba, mutanen Wels bardd suke ce masa. Ingilishi ya ari kalmar daga 'yan uwan harshensu ya mai da ita bard. Duk wanda ya yi adabin Ingilishi a sakandare ya taɓa cin karo da ita, galibi a manne da sunan Shakespeare. Ƙamus zai gaya maka cewa mawaƙi ne na zamanin da, mai rera labarin jarumai yana kaɗa abin kiɗa. Wannan bayani bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɓoye tarihin da ya fi daɗin ji. Kalmar ta shiga Ingilishi ne a matsayin zagi, kuma ba ta sami daraja a bakin Turawan Ingila ba sai da suka tabbata masu sana'ar sun ƙare.

Mai gudu a gefen keken sarki

Asalin kalmar daga harsunan Celt ne, dangin harsunan da a da suka mamaye yammacin Turai, yanzu kuma suka rage a gefe-gefe: Ailan, tsaunukan Sikotilan, Wels, da yankin Brittany na Faransa. Masana harshe sun bi saiwarta har zuwa wata tsohuwar kalma mai ma'anar yabo. Daga wannan saiwa ce Latin ya sami gratus, wadda ta haifi kalmomin Ingilishi na godiya da alheri irin su grateful da grace. Ke nan tun daga tushe ma'anarta ita ce mai ƙera yabo. Ba da labari daga baya ya biyo.

Waɗanda suka fara rubuta kalmar baƙi ne, Girkawa da Rumawa da suka ga mutanen Gaul, wato Faransa ta yau, sama da shekara 2,000 da suka wuce. Strabo ya lissafa rukuni uku da ake girmamawa a cikinsu: mawaƙan nan, da masu duba, da malaman addininsu na gargajiya da ake kira druid. Diodorus na Sisili ya ce mawaƙan suna kaɗa wani abu mai tsirkiya, su yabi wasu, su zagi wasu.

Akwai wani labari da Posidonius ya kawo game da Louernios, sarkin ƙabilar Arverni a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa. Sarkin ya shirya gagarumar walima ta kwanaki, wani mawaƙi ya makara, ya iso an watse. Sai ya bi keken dokin sarki a guje, yana yabonsa yana kukan rashin sa'arsa. Sarki ya ji daɗi, ya jefa masa jakar zinariya. Mawaƙin ya cafe, nan take ya juya waƙa, ya ce ko sawun ƙafar keken sarki arziki yake tsirarwa mutane. Bahaushen da ya taɓa tsayawa a bakin hanya ranar hawan Sallah ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan labari. Ya san mutumin, ya san muryarsa, ya ma san yadda yake cafe kyauta.

Makarantar duhu

Rumawa sun cinye Gaul, harshenta ya mutu. Amma ba su taɓa mulkin Ailan ba, kuma a can ne sana'ar ta yi rassa ta zama ilimi mai tsari. A tsohuwar Ailan ma akwai daraja hawa-hawa. Babban mawaƙi, masanin tarihi da salsalar sarakuna, fili ake ce masa. Bard yana ƙasa da shi. Daga baya bambancin ya dushe, baƙi suka haɗa su duka a suna ɗaya.

Daga wajen 1200 zuwa tsakiyar ƙarni na 17, waƙar fada a Ailan da tsaunukan Sikotilan gado ce. Akwai gidajen da aka san su da ita kaka da kakanni, kamar Ó Dálaigh da Ó hUiginn da Mac an Bhaird, wanda ma'anarsa ɗan mawaƙi, kuma daga gare shi ne wasu masu sunan Ward na yau suka samo sunansu. A Sikotilan gidan MacMhuirich ya yi ɗaruruwan shekaru yana yi wa sarakunan tsibirai waƙa. Dukansu harshe ɗaya na adabi suke amfani da shi, mai tsauraran ƙa'idojin kari da amsa-amo, wanda bai sauya ba tsawon shekara ɗari huɗu, ko da yake maganar kasuwa tana ta sauyawa.

Wani littafi da aka buga a 1722 ya bayyana yadda makarantunsu suke. Karatu na farawa ƙarshen Satumba, a tashi ƙarshen Maris, ɗalibi kuma yakan shekara shida ko bakwai. Malami zai ba da abin da za a yi waƙa a kai, kowane ɗalibi ya shiga ɗan ɗakinsa marar taga, ya kwanta a gado cikin duhu, ya yini yana saƙa baitoci a ka. Sai dare ya yi a kawo fitila, kowa ya rubuta abin da ya haɗa, a kai wa malami ya gyara. Hikimar ita ce ido ba ya ganin abin da zai ɗauke hankali, kunne kaɗai ke aiki.

In waƙa ta kammala, ba lallai mai ita ya rera da bakinsa ba. Yana da mai rerawa, yana da mai kaɗa masa molon nan nasu mai tsirkiyoyi da yawa, shi kuwa ya zauna kusa da sarki yana saurare. Ladansa shanu ne da dawaki da tufafi, wani lokaci har da gona. Aikinsa ya tsare salsalar gidan sarauta, ya yabi mai ci, ya yi marsiyyar wanda ya rasu, ya tuna wa sabon sarki abin da kakanninsa suka yi. A ƙasar da ba jarida, ba rediyo, shi ne taskar tarihi, shi ne kuma mai ɗaga suna ko ya kayar.

Makaminsa zambo. Mutanen Ailan sun yi imani cewa zambon gwani na iya fito wa mutum da ƙuraje a fuska, har akwai camfin cewa ana iya kashe ɓera da waƙa. Sarki mai rowa ya fi tsoron harshen mawaƙi da mashin abokin gaba, domin rauni yana warkewa, baiti kuwa jikoki za su gada. Amma baki shi kan yanka wuya. Ruwaya ta ce Tadhg Dall Ó hUiginn, ɗaya daga cikin manyansu, wanda ya rasu a 1591, wasu mutum shida da ya yi wa zambo ne suka yanke masa harshe.

A Wels ma haka abin yake. Ana tunawa da Taliesin da Aneirin, mawaƙan ƙarni na 6. Dokokin da ake dangantawa da Sarki Hywel Dda na ƙarni na 10 sun sa mawaƙin gida cikin ma'aikatan fada. Ranar naɗinsa sarki zai ba shi abin kiɗa, matar sarki ta ba shi zoben zinariya. Shugaban mawaƙa kuwa, in zai yi waƙa a fada, dokar ta ce ya fara da Ubangiji sannan ya ambaci sarki. A 1176 wani basarake mai suna Rhys ap Gruffudd ya tara mawaƙa da makaɗa a fadarsa ta Cardigan, ya ajiye kujera biyu, ɗaya ta gwanin waƙa, ɗaya ta gwanin kiɗa. Kujerar Birkenhead jikanyar waɗannan ce.

Lokacin da sunan ya zama zagi

Mai mulkin mallaka ya san cewa muddin akwai mai tuna wa mutane sunayen sarakunansu, ba su gama miƙa wuya ba. Shi ya sa tarihin kalmar a Ingilishi ya fara a takardun doka. Dokokin Kilkenny na 1366 sun hana Turawan Ingila mazauna Ailan su karɓi makaɗa da mawaƙa da masu ba da labari na 'yan ƙasa a gidajensu, bisa zargin leƙen asiri.

A Sikotilan ta kudu, inda ake magana da wani reshen Ingilishi, kalmar ta bayyana a ƙarni na 15 da ma'anar ɗan yawon roƙo mai ƙazamin baki. Wata doka ta zamanin Sarki James na Biyu na Sikotilan ta jera bard tare da mabarata masu ƙarfin hali, da masu cin abincin mutane da tsiya, da masu haukan ƙarya. Hukuncin wanda ba shi da dukiya shi ne a kafe kunnensa da ƙusa a jikin itace, a yanke, a kore shi daga ƙasa. In ya dawo, rataya. A 1609 Dokokin Iona suka tilasta wa sarakunan tsibirai su daina saukar da irin waɗannan mawaƙa a gidajensu.

Edmund Spenser, babban mawaƙin Ingila wanda ya yi aikin gwamnati a Ailan kuma ya mallaki ƙasar da aka ƙwace, ya yi rubutu a kansu wajen 1596. Ya ce ya sa an fassara masa wasu waƙoƙinsu, ya kuma yarda akwai fasaha da zalaƙa a ciki. Laifinsu a wurinsa shi ne ba mutanen kirki suke yabo ba, 'yan tawaye suke zugawa. Wato gwani ya gane gwani, amma siyasa ta hana shi yabawa.

Ƙarshen sana'ar bai zo ta hanyar doka ba, ta hanyar yunwa ya zo. An ci sarakunan Ailan da yaƙi a Kinsale a 1601. A 1607 manyansu na arewa, O'Neill da O'Donnell, suka shiga jirgin ruwa suka bar ƙasar, ba su sake dawowa ba. Aka raba ƙasarsu ga baƙin da ba su jin harshen, balle su ba da saniya don baiti. Makarantun duhu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Mawaƙan da suka rage suka koma yin waƙar kukan yadda mai ilimi ya zama ɗan ƙodago. Turlough O'Carolan, makahon makaɗin da ya rayu daga 1670 zuwa 1738 yana yawo gidajen masu hali a kan doki, shi ake yawan kira na ƙarshensu.

Bayan an binne, sai yabo

Ba a yi shekara ashirin da rasuwar O'Carolan ba, sai ga kalmar ta dawo Landan cikin sabuwar riga. A 1757 Thomas Gray ya buga waƙarsa mai suna The Bard. Ya gina ta ne a kan wata ruwaya da ke cewa Sarki Edward na Ɗaya, da ya cinye Wels bayan kashe Yarima Llywelyn a 1282, ya sa an hallaka mawaƙanta kaf. A waƙar, wani tsoho mai furfura, shi kaɗai ya rage, ya tsaya a kan dutse ya tsine wa sarkin da zuriyarsa, sannan ya faɗa kogi. Masana tarihi ba su sami shaidar wannan kisan kiyashi ba, kuma waƙar Wels ta ci gaba da bunƙasa bayan Edward. Amma hoton ya kama zukata. Masu zane suka yi ta zana tsohon, gemu na kaɗawa cikin iska. Har a Hungari, inda János Arany ya ɗauki labarin a 1857 ya yi wa sarkin Ostiriya habaici da shi, waƙar da yaran makarantar ƙasar ke haddacewa har gobe.

Daga 1760 wani ɗan Sikotilan, James Macpherson, ya fara buga wasu dogayen waƙoƙi da ya ce fassara ce daga wani makahon mawaƙi na ƙarni na 3 mai suna Ossian. Turai ta ruɗe. Goethe ya sa wani yanki a littafinsa na 1774, Napoleon ya riƙa tafiya da littafin, har sunan Oscar da ke cikin waƙoƙin ya yaɗu, aka sa wa ɗan wani janar ɗinsa wanda daga baya ya zama sarkin Suwidin. Samuel Johnson ya ce a kawo tsofaffin takardun a gani. Ba a kawo ba. Yau an tabbatar Macpherson ya tsinci gutsattsarin waƙoƙin gargajiya ne ya ɗinka da nasa zaren, kuma nasa ya fi yawa.

A Wels ma an yi irin wannan ɗinki. Wani magini mai suna Edward Williams, wanda ya raɗa wa kansa Iolo Morganwg, ya tara abokansa a tudun Primrose da ke Landan a 1792, ya jera duwatsu a da'ira, ya ce yana farfaɗo da majalisar mawaƙa ta zamanin druid. Yawancin takardun da ya dogara da su shi ya rubuta abinsa. Duk da haka majalisar ta kafu, ta haɗe da Eisteddfod, kuma ita ce har yau take sa riguna farare da shuɗɗa da koraye, ta zare takobi rabi ta tambayi jama'a sau uku ko akwai zaman lafiya kafin a zaunar da gwani a kujera. Abin da ya fara da ƙage ya zama al'ada ta gaske, ya kuma taimaka wajen raya harshe. Tun 1950 ba a yin gasar da wani harshe sai na Wels. A 2001 Mererid Hopwood ta zama mace ta farko da ta ci kujerar.

A wannan zamani ne ma'anar ba da labari ta yi ƙarfi. Turawa suka shiga kiran Homer na Girka da wannan suna, da duk wani mawaƙin baka mai rera tarihin al'ummarsa. Tsohon Ingilishi yana da tasa kalmar, scop, mutanen arewacin Turai suna da skald, akwai kuma minstrel ta makaɗan yawo. Amma ta aron ce ta yi nasara, domin ita ce ta zo da dutse da gemu da iska.

Yadda ake amfani da ita yau

Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, bai taɓa jin an kira shi da wannan laƙabi ba. Shi kansa da ya yi amfani da kalmar a wasansa Richard III, wani mawaƙin Ailan mai duba yake nufi. An naɗa masa rawanin ne bayan shekara ɗari da hamsin da rasuwarsa, zamanin da ɗan wasa David Garrick ya shirya masa biki na kwana uku a garinsu Stratford, bakin kogin Avon, a 1769. Ruwan sama ya ɓata bikin, ba a kuma nuna ko wasa ɗaya na Shakespeare ba, amma daga wannan zamani laƙabin Bard of Avon ya zauna. Abin ya kai George Bernard Shaw ya gaji, a 1901 ya ƙirƙiro kalmar bardolatry, wato bautar Shakespeare, don ya yi wa masu wuce gona da iri ba'a.

Saboda haka mai karatu ya lura da harafin farko. In ya ga the Bard da babban baƙi, ba a ƙara komai ba, Shakespeare ake nufi. A Sikotilan kuwa Robert Burns ne, wanda ake bikin haihuwarsa duk ranar 25 ga Janairu. In an haɗa kalmar da sunan wuri, laƙabin girma ne ga mawaƙin da ya zama bakin mutanensa, kamar yadda ake kiran Rabindranath Tagore, wanda ya ci kyautar Nobel a 1913, Bard of Bengal. Siffarta bardic, ana cewa makarantu ko al'adu na bardic.

In kuwa da ƙaramin baƙi ne a kan mutumin da ke raye, sau da yawa akwai murmushi a ƙasa. Mawaƙin Ingilishi na yau ba zai kira kansa haka da gaske ba, sai a yi masa dariya. 'Yan jarida na amfani da ita don ado ko don tsokana. A littattafan barkwanci na Asterix da aka fara a Faransa a 1959, mawaƙin ƙauye muryarsa ba ta sauraruwa, kusan kullum a ɗaure yake a gindin itace an toshe masa baki yayin da ake walima. Matasa kuma sun san kalmar daga wasan Dungeons & Dragons da wasannin kwamfuta, inda bard yake nufin ɗan wasa mai sihiri da kiɗa.

Akwai wata bard ɗin dabam a ƙamus wadda ba ta da dangantaka da wannan. Ita sulken doki ce, abin da mu za mu kira lifidi. Ta biyo ta Faransanci, kuma masu ƙamus suna danganta ta da kalmar Larabci ta shimfiɗar bayan dabba. Haka nan kada kunne ya ruɗi Bahaushe da barde, jarumin kan doki. Kamar sauti ce kawai.

Wuri ɗaya da kalmar ta sake samun haƙoranta shi ne Tarayyar Sobiyat. Daga shekarun 1960 Rashawa suka ari bard suka sa wa mawaƙan da ke rubuta waƙarsu, su rera da jita su kaɗai: Bulat Okudzhava, Alexander Galich, Vladimir Vysotsky. Gidan rediyon gwamnati bai cika sa su ba, sai mutane suka riƙa kwafar faifansu a gida, hannu zuwa hannu. Galich ya ƙare a gudun hijira. Vysotsky ya rasu a Yulin 1980, ana tsakiyar wasannin Olamfik a Mosko. Kafofin gwamnati kusan ba su ce uffan ba, amma dubun dubatar mutane suka fito jana'izarsa. Nan ma tsohuwar ƙa'idar ce: mawaƙin da jama'a ke haddacewa, hukuma ba ta barci a kansa.

Sai kamfanin Google. A Fabrairun 2023 ya sanar da manhajarsa ta hira mai ƙirƙirarriyar basira, ya raɗa mata Bard. A tallar farko manhajar ta ce na'urar hangen sararin sama ta James Webb ce ta fara ɗaukar hoton wata duniya da ke wajen dangin ranarmu, alhali an ɗauki irin wannan hoto tun 2004. Darajar hannun jarin uwar kamfanin ta faɗi da kimanin dala biliyan 100 a yini ɗaya. Suna linzami ne. An ba na'ura sunan mai daɗin baki, ta kuwa yi daɗin bakin. Bayan shekara ɗaya, a Fabrairun 2024, aka sauya mata suna zuwa Gemini.

To, da Hausa fa?

Mai fassara zai so a ba shi kalma ɗaya ya huta, amma babu. Hausa ta rarraba aikin da Ingilishi ya dunƙule. Muna da makaɗi, da mawaƙi, da maroƙi, da sanƙira mai ɗaga murya yana jero kirari, da zabiya, da sha'iri ko marubucin waƙa mai alƙalami. Zaɓi ya danganta da wane bard ake magana a kai, na wane ƙarni.

In na fadar Ailan ko Wels ne, mafi kusa shi ne makaɗin fada, irin Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ko Salihu Jankiɗi a ta Sarkin Musulmi, ko Musa Ɗanƙwairo. Kamannin suna da yawa: ubangida ɗaya, gado, sanin salsala, yabo ga mai sarauta da zambo ga abokin hamayyarsa, lada na doki da riga. In na dokar Sikotilan ne, wanda ake kafe wa kunne, to maroƙi ce fassarar, da duk rainin da ke cikinta. In mai rera tarihi ne, a tuna da masu rera Waƙar Bagauda, wadda ke jero sarakunan Kano ɗaya bayan ɗaya, ko jeli na ƙasar Mande da suka riƙe labarin Sunjata, waɗanda Turawa ke kira griot, wani lokaci kuma bard. In Shakespeare ne, wanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo mana wasansa da sunan Daren Sha Biyu, sai a ce sarkin mawaƙa ko fasihin Ingila. Wanda ya fassara the Bard da maroƙi a nan ya yi ɓaranɓarama, ko da yake ta fuskar asali bai yi nisa da gaskiya ba.

Wannan ɗan kusancin shi ne abin lura. Tun 1957 masanin nan M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo a ƙasar Hausa, ya nuna yadda al'umma ke bukatar maroƙi tana kuma raina shi. Har yau abin bai sauya sosai ba. Ana kiransa biki, ana jin daɗi in ya ambaci kakan mutum, ana ba shi don ya yi shiru in ya fara karkata harshe, amma in ya aiko neman aure sai a fara duban juna. Mutanen Ingila ma haka suka yi da na maƙwabtansu, har da ƙari. Sun kore shi, sun rufe makarantarsa, sun jira ƙasa ta rufe masa ido, sannan suka ɗauki sunansa suka naɗa wa mafi girman marubucinsu. Baƙar kujerar Hedd Wyn tana nan a gidan gonarsu, Yr Ysgwrn, baƙi na zuwa kallo, mai ita bai taɓa zama a kai ba.

Mu namu yana raye. Yana ƙofar fada da safe, yana gidan suna, yana bayan motar ɗan takara. Ran da ka ji ya ɗaga murya ya jero kakanni bakwai na wani ba tare da takarda ba, ka tsaya ka saurara kafin ka laluba aljihu. Mutumin da Diodorus ya gani a Gaul ke nan, kuma sunansa a Ingilishi shi ne sunan da ake kiran Shakespeare da shi.